Haɗa Kayan Awo Masu Ƙwaƙƙwafi

Haɗa kayan awo sana'a ce ta harhaɗa ƙananan ƙarafa, sifirin, gilashi da wayoyi har su zama na'urar da za a yarda da abin da ta nuna, kamar sikelin zinariya, ma'aunin hawan jini, kalifa (mai auna faɗi da zurfin abu) da maikuromita (mai matse ƙaramin abu a bakinta don auna kaurinsa). Galibin waɗanda ake aiki da su a Katsina da Daura daga ƙasashen waje ake shigo da su, shi ya sa aikin a nan ya fi karkata ga kwancewa, gyara, mayarwa da saitawa.

Maikuromita ita ta fi nuna inda wahalar take. A cikinta akwai sukuru mai matsawa rabin milimita a kowane zagaye, an kuma raba hannun da ake murzawa gida 50, wato kowane gida 0.01 na milimita ne. Silin gashi ɗaya ya ninka wannan sau da yawa. Don haka kafin mai haɗawa ya rufe bakinta sai ya goge fuskokin bakin biyu tas, ya murza a hankali, ya ga layi ya tsaya cak a kan sifiri. Ƙwayar ƙura ɗaya ta isa ta ɓata awon, kuma wanda ya san hazon hunturun Katsina ya san ba ƙaramin yaƙi ba ne.

Zafi ma abokin gaba ne. An yi ittifaƙi a duniya cewa a digiri 20 ake awon tsawo, alhali a watan Afrilu zafin Katsina kan kai 40. A irin wannan rana, sandar ƙarfe mai milimita 100 na ƙaruwa da kusan 0.02 na milimita, gida biyu ke nan na maikuromita. Ƙwararre ba ya daɗe da ƙarfe a tafin hannunsa, domin ɗumin hannu ma na sa ya ƙaru.

Sana'ar tana son ido mai kyau, hannun da ba ya rawa, iya karanta zane, liƙa waya da dalma, da haƙuri. 

Aiki bai ƙare ba sai an saita. Akan ɗora wa sikeli duwatsun awo da aka tabbatar da nauyinsu, daga ƙarami zuwa babba, a sake sauke su ɗaya bayan ɗaya, a ga ko zai koma sifiri. A Najeriya, Sashen Awo da Ma'auni na Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari ta Tarayya ne ke duba sikelin 'yan kasuwa da famfunan gidajen mai.