Ma'anar "makantar da za a iya kauce mata"

Duk mai bin bayanan Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ko na shirin kula da lafiyar ido na ƙasar Nijar, zai riƙa cin karo da wannan furuci, kuma da shi ne masu ba da tallafi ke auna inda kuɗinsu zai tafi. Ana nufin rashin gani wanda ko dai ana iya hana shi aukuwa tun farko, kamar na amodari da ƙyanda da ƙarancin bitamin A, ko kuma ana iya dawo da shi bayan ya tafi, kamar na yanar ido da ake cirewa da tiyata, da raunin gani da tabarau ke gyarawa. Furucin ya bazu ne tun 1999, lokacin da aka ƙaddamar da shirin Vision 2020 na yaƙi da irin wannan makanta a duniya. Rahoton OMS na 2019 ya ce aƙalla mutum biliyan 2.2 ke da matsalar gani a duniya, kuma aƙalla biliyan 1 daga cikinsu da an iya kare su, ko kuma har yanzu ba a kula da su ba.

Jama'ar Damagaram sun ga amfanin wannan ma'auni da idonsu a yaƙin da ake yi da amodari, cutar da ke yaɗuwa ta hannu da tsumma da ƙudaje, wadda idan ta yi ta dawowa tun ƙuruciya sai fatar ido ta tattare, gashin ido ya juya ciki yana kankare ƙwayar ido har gani ya ɗauke. Da yake hanyar magance ta sananniya ce, wato tiyatar fatar ido da rabon maganin kashe ƙwayoyin cuta na azitromisin da wanke fuska da gina masai, masu tallafi sun same ta da sauƙin lissafi. Kamfanin Pfizer na ba da maganin kyauta, Cibiyar Carter ta daɗe tana aiki a jihar, kuma a gundumar Matamaye masu bincike suka gwada ko sau nawa ya kamata a raba maganin a shekara, da kuma ko ba wa yara kaɗai zai wadatar. Irin wannan naci ne ya sa a watan Janairu na 2025 OMS ta tabbatar da Nijar a matsayin ƙasa ta farko a Afirka da ta kawar da makantar rafi, wata cuta dabam da wani ƙuda na bakin rafi ke yaɗawa.

Sai dai ma'aunin yana da inda ya gaza, kuma a ganina ba a cika faɗin haka ba. Mai ba da kuɗi yana son abin da zai ƙirga a ƙarshen shekara: ido nawa aka buɗe, ƙauye nawa aka raba wa magani. Hawan jinin ido ba ya shiga wannan lissafi, domin yana cin gani a hankali daga gefe ba tare da zafi ba, abin da ya ci ba ya dawowa, kuma maganinsa ɗigo ne na kullum har ƙarshen rayuwa, alhali ya fi kama baƙar fata, kuma da wuri. Haka ma lalacewar ido da ciwon suga ke haddasawa. Su ma ana iya kauce wa makantarsu idan an gano su kan lokaci, amma hakan na bukatar ƙwararrun ma'aikata da na'urorin awo a kusa da mutanen Magarya da Tanut da Gure, ba ayarin likitoci da ke zuwa mako ɗaya su koma ba.