Waiwaye: Yadda Rabon Baƙo Ya Ragu a Farautar Yammacin Amurka

Duk lokacin da jihohin yammacin Amurka suka fitar da sakamakon ƙuri'ar lasisin farautar manyan namun daji, sai gardama ta tashi. Maharban da ke nema daga wasu jihohi suna kukan an mai da su saniyar tatsa, ga kuɗi mai yawa, ga jira na shekaru. 'Yan jiha kuwa cewa suke baƙi sun cika musu daji. Da yawa suna ɗora laifin kan cunkoson da ya biyo bayan korona da masu yaɗa bidiyon farauta a intanet. Maganar ta girmi wannan nesa ba kusa ba.

Tun 1896 kotun ƙolin Amurka ta amince cewa jiha ce ke riƙe da namun dajinta a madadin mutanenta. A 1937 aka ware kuɗin harajin bindigogi da harsasai don farfaɗo da dabbobin da aka kusa ƙararwa. A 1978, a shari'ar Baldwin, kotun ta ce jihar Montana na da ikon cajin baƙo dala 225 kan lasisin da ɗan jiha ke samun kwatankwacinsa a dala 30, don farautar elk, wato babbar dabbar nan dangin barewa mai rassan ƙaho. Wannan duk maharbi ya san shi.

Abin da aka manta shi ne ɗan taƙin da ke tsakanin 2002 da 2005, lokacin da baƙi suka yi nasara. Arizona ta ƙayyade cewa baƙi ba za su wuce kashi 10 cikin 100 na lasisin namijin elk ba. Wasu maharba daga maƙwabciyarta New Mexico suka kai ƙara, kuma ba su bi ta hanyar da baƙi suka sha kaye a 1978 ba. Hujjarsu ita ce ƙaho da fata kayan sayarwa ne, maharbi kuma yana tsallaka iyaka da kuɗinsa, saboda haka ƙayyadewar tana tauye ciniki tsakanin jihohi, abin da tsarin mulki ya bar wa tarayya. A 2002 kotun ɗaukaka ƙara ta karɓi wannan hujja, a 2004 aka soke ƙayyadewar, har sai da Arizona ta ƙara fitar da lasisi a shekarar. Hankalin sauran jihohi ya tashi, don kusan kowace tana da irin wannan tsari.

Murnar ba ta yi nisa ba. A watan Mayun 2005 wata gajeriyar doka ta wuce a cikin kasafin gaggawa na yaƙin Iraƙi da Afghanistan, tana tabbatar wa jihohi ikon bambanta ɗan gida da baƙo a farauta da kamun kifi. Ba za a ce an yi kuskure ba, jihar da ke ƙirga dabbobinta tana kula da su a lokacin sanyi tana da hujja mai ƙarfi. Sai dai daga ranar hanyar kotu ta toshe. Baƙo ba ya zaɓe a jihar, ga shi kuma babu alƙalin da zai kai wa kuka, alhali galibin dazukan da ake farautar na gwamnatin tarayya ne, nasa ne kamar na kowa. Duk sa'ad da masu nema suka yi yawa, rabonsa ne mafi sauƙin taɓawa.

Haka kuwa aka yi ta yi. New Mexico ta ware kashi 84 ga 'yan jiha, 10 ga masu tafiya da jagoran haya, 6 kacal ga baƙon da ke farauta da kansa. Wyoming ta mayar da rabon baƙi a ragon dutse da moose (wata babbar dabba dangin barewa) kashi 10 daga 2023. Colorado ta daina sayar wa baƙi lasisin harbin elk da kwari da baka kai tsaye a yawancin yankunanta daga 2025, sai ta ƙuri'a.

Tsarin tara maki ya ƙara dagula lissafin. Wanda ya faɗi bana ana ba shi ko ya sayi maki ɗaya don baɗi, amma kamar layin famfo ne da masu shiga suka fi masu fita. Idan yanki na ba baƙi lasisi 10 a shekara, mutum 300 suna jira, na ƙarshe sai bayan shekara 30, in ba a rage rabon ba. Da aka rage shi a Wyoming, mutanen da suka yi shekaru suna sayen maki sun wayi gari layin ya ƙara musu tsawo, kuma kuɗin da suka biya ba ya dawowa.