Waiwaye: Tashar Abergynolwyn da jirgin da ya rasa kayan ɗauka

A Birtaniya ana ta muhawara kan makomar tsofaffin layukan dogo da ake adanawa don masu yawon buɗe ido. Tun da aka rufe mahaƙar kwal ta Ffos-y-fran, kusa da garin Merthyr Tydfil, a Nuwamban 2023, jiragen da ke tafiya da tururi suka ƙara dogara da kwal ɗin da ake shigowa da shi daga waje, ga shi da tsada. Masu aikin sa kai da ke riƙe da layukan kuma da yawansu shekaru sun ja. Wasu na magana kamar jiya-jiyan nan matsalar ta kunno kai. Tarihin ƙaramar tashar Abergynolwyn, a kan layin Talyllyn da ke yankin Wales, ya nuna cewa abin ya daɗe yana tafe.

An shimfiɗa layin a 1865 don ya riƙa sauko da wani irin dutse mai tsaguwa falle-falle, wanda ake rufin gidaje da shi, daga mahaƙar Bryn Eglwys zuwa garin Tywyn na bakin teku. Siririn layi ne, faɗinsa ƙafa 2 da inci 3, tsawonsa wajen mil 7. A 1866 ya fara ɗaukar fasinja. Abin da aka fi sani shi ne ceton da aka yi masa: a Oktoban 1950 wani marubuci, Tom Rolt, da abokansa suka kafa ƙungiya a Birmingham, ranar 14 ga Mayun 1951 kuma jirginsu na farko ya tashi, layin ya zama na farko a duniya da 'yan sa kai suka karɓa suka adana. A 2021 yankin ya shiga jerin wuraren tarihi na UNESCO.

Ranar da ba a cika ambata ba ita ce 26 ga Disamban 1946, kuma a ganina daga nan komai ya juya. A ranar ce ginshiƙan dutse da ke riƙe da rufin mahaƙar suka rufta, aka daina haƙa. Ƙauyen Abergynolwyn dama don ma'aikatan mahaƙar aka gina shi. Tashar tana can a gefen tsauni, nesa kaɗan da gidaje, don haka aka yi wata gangara da ake zuro taragon kaya da igiyar ƙarfe har cikin ƙauyen, dogo ya bi ta bayan gidaje, ana sauke wa mutane kwal da kayan masarufi a ƙofarsu. Kuɗin dakon dutse ne ke ɗauke da duk wannan. Da dutse ya tsaya, kuɗin gyaran layi ya tsaya, magidanta suka watse neman aiki, fasinjan yau da kullum ya ragu.

Mai layin, Henry Haydn Jones, ya yi alkawarin jirgi ba zai daina tafiya ba muddin yana raye, kuma ya cika. Amma sai da abin ya koma kwana biyu a mako, da kan jirgi guda mai suna Dolgoch, ƙirar 1866, a kan dogon da ciyawa ta rufe. Da gwamnati ta karɓe layukan dogon ƙasar a 1948, wannan bai shiga ciki ba. Haydn Jones ya rasu a Yulin 1950.

Ke nan abin da 'yan sa kai suka gada jirgi ne da ya riga ya rasa kayan ɗauka. Sun yi namijin ƙoƙari, har suka ƙara tsawon layin fasinja zuwa Nant Gwernol a 1976, kuma ina jinjina musu. Sai dai tun daga lokacin, abin da ke shigowa daga aljihun baƙi yake fitowa, baƙin kuma lokacin zafi da hutun makaranta suka fi zuwa. Da kuɗin tikiti, da cinikin shayi a tasha, da gudummawar mambobin ƙungiya ake sayen kwal a gyara gadoji. Shi ya sa duk sanda farashin kwal ya tashi, ko aka yi shekarar da baƙi suka ƙaranta, sai layin ya ji a jikinsa nan take. Da hunturu jiragen kan yi ƙaranci sosai, mutanen ƙauyen kuwa a mota suke zuwa Tywyn yin cefane.