Wa'azin bishara a Maraɗi

Wa'azin bishara shi ne sunan da Kiristoci masu jin Hausa suke kiran aikin isar da saƙon Yesu Almasihu ga wanda ba Kirista ba. Suna kafa hujja da ƙarshen Bisharar Matiyu (28:19–20), inda aka umarci almajirai su je ga dukan al'ummai, da kuma 1 Bitrus 3:15, wadda ta ce mai bi ya zauna a shirye ya ba da amsa ga duk wanda ya tambaye shi dalilin begensa, amma cikin tawali'u da ladabi. A Maraɗi aya ta biyun ce ta fi dacewa da yadda abin yake gudana. Ƙidayar 2012 ta nuna Kiristoci ba su kai kashi 1 cikin 100 na mutanen Nijar ba, don haka wanda ake yi wa bishara a nan yawanci Musulmi ne, sau da yawa maƙwabci ko ɗan'uwa na jini.

Tarihi

Ƙungiyar da ta fara wannan aiki a ƙasar Maraɗi ita ce Sudan Interior Mission, wadda aka fi sani da SIM. Rowland Bingham da Walter Gowans da Thomas Kent ne suka kafa ta a 1893. Ta shigo Nijar ta Damagaram a 1924, daga nan ta buɗe tasha a Tsibiri, gidan sarautar Gobir da ke dab da Maraɗi, wajajen 1927 ko 1928. Sunan da aka fi haɗawa da wannan tasha shi ne David Osborne. Tashar cikin garin Maraɗi ta biyo baya, a wajajen 1940.

Turawan mishan ɗin sun zo ne daga ƙasashe masu Turancin Ingilishi, a ƙasar da Faransa ke mulki, kuma hukumar ba ta taɓa sakin jiki da su ba. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, da gwamnatin Vichy, gwamnatin Faransa mai biyayya ga Jamus, ta riƙe yankin, an takura musu ƙwarai. Abin da ya cece su shi ne Hausa. Da ita suka iso daga Najeriya, da ita suke wa'azi a kasuwa da ƙofar fada, kuma tun 1932 akwai cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a hannunsu.

Sun zo da zaton Arna, masu tsafin gargajiya na karkara, su ne za su fi saurin karɓa. Ba haka abin ya kasance ba. Da dama daga cikin masu bin farko sun fito ne daga gidajen Musulmi, har da wasu 'ya'yan sarautar Tsibiri. Makarantar Littafi Mai Tsarki ta Tsibiri ta horar da masu bishara 'yan ƙasa, kuma su ne suka ɗauki nauyin aikin a ƙauyuka, suna noma da damina kamar kowa, suna koyar da karatun boko da Hausa da rani. SIM ta daɗe tana ɗari-ɗari da buɗe makarantun Faransanci, tana gudun kada ta haifar da 'yan takarda maimakon masu wa'azi. Wannan ya zama abin ƙorafi a bakin Kiristocin yankin shekaru masu yawa, domin 'ya'yansu sun makara wajen shiga aikin gwamnati.

Wajajen samun 'yancin kai, a 1960 ko 1961, ikkilisiyoyin da mishan ta dasa suka haɗu ƙarƙashin EERN, wato Ikkilisiyar Bishara ta Jamhuriyar Nijar. Ta rabu daga baya, tsakanin ƙarshen shekarun 1980 da farkon 1990.

Kalmomi

Babban kayan aikin mai bishara a Maraɗi kalmomi ne da shi da mai sauraronsa suka yi tarayya a kansu. Kirista Bahaushe yana cewa Allah, annabi, mala'ika, zunubi, gafara, alheri, lahira. Adamu, Nuhu, Ibrahim, Musa da Dauda kuwa sunaye ne da ke cikin kowane gida. Shi ya sa hira kan fara daga labarin annabawa kafin ta iso inda aka rabu. Wuraren rabuwar sanannu ne: kiran Yesu Ɗan Allah, mutuwarsa a kan gicciye, Triniti (wato Allah ɗaya cikin Uba, Ɗa da Ruhu Mai Tsarki). Ko sunan ma abin zaɓi ne. Wasu na cewa Isa, don shi jama'a suka sani, wasu na tsayawa kan Yesu yadda yake a Littafi Mai Tsarki na Hausa. Kiristocin kan kira kansu masu bi. Kalmar kafiri ba ta cikin bakinsu game da maƙwabtansu, watakila don sun san zafinta, tunda su aka fi jifa da ita.

Magani da gona

Inda wa'azin baki ya tsaya, magani ya wuce. Asibitin Galmi, a jihar Tawa, ya buɗe a 1950, kuma har yau mutanen Maraɗi na zuwa can. A Danja, kudu da gari, SIM ta kafa wurin jinyar kutare a tsakiyar shekarun 1950. A 2012 aka ƙara cibiyar aikin yoyon fitsari. Masu suka na cewa ana amfani da ciwo a ja mutum ga addini. Masu aikin na cewa jinya kanta shaida ce, ba a gindaya wa majinyaci sharaɗi.

Abin da ya fi fita duniya daga wannan fanni bai yi kama da wa'azi ba. A 1983 Tony Rinaudo, ɗan Ostareliya mai aikin gona a ƙarƙashin SIM, ya tsaya a hanyar karkara yana rage iskar tayoyin motarsa don ya ratsa yashi, sai ya lura cewa ƙananan tsiron da ke gonaki ba ciyawa ba ne, tohon kututturen itatuwan da aka sare ne. In aka zaɓi reshe ɗaya zuwa biyar aka sassabe sauran, itace zai tashi. Manoma suka ba dabarar suna sassabin zamani. Ta bazu lokacin yunwar 1984 ta hanyar aikin da ake biya da abinci, kuma mafi yawan waɗanda suka ɗauke ta Musulmi ne, har yau ma Musulmi ne.

A yau

Galibi aikin na tafiya ne ta zumunci: zuwa suna da biki da gaisuwar mutuwa, aika tuwon Kirsimeti gidan maƙwabta, karɓar naman layya, waƙoƙin zumuntar mata. Tun da aka buɗe gidajen rediyo masu zaman kansu a shekarun 1990 ake wa'azi da Hausa ta iska, yanzu kuma saƙon murya a waya ya shigo. Cocin Katolika, wadda ta sami diyosis (yankin da bishop ke kula da shi) na Maraɗi a 2001 da Ambroise Ouédraogo a matsayin bishop na farko, ta fi karkata ga makarantu, agaji da tattaunawa da malamai.

Saɓani

Wa'azin fili mai zafi, irin na wasu cocin Fentikos, ya jawo ce-ce-ku-ce har a tsakanin Kiristoci. A Nuwamba 2000, cikin zanga-zangar ƙin bikin nuna tufafin Afirka da ake kira FIMA, an kai wa cocin Vie Abondante hari a Maraɗi. A Yuni 2019 an ƙona cocin Assemblées de Dieu da ke unguwar Zariya bayan kama wani limami da ya soki dokar tsara ibada. Wanda ya bar Musulunci kan fuskanci matsi daga dangi game da aure da gado.