Kwalbar awo a bakin rijiya: yadda ake gano gurɓata a jihar Damagaram

Duk mazaunin Damagaram ya san wahalar ruwa. Birnin yana zaune ne bisa dutse, ruwan ƙasansa kaɗan ne, shi ya sa na famfo daga nesa ake jawo shi, daga Gogo da Machaya, da Arunguza, da Ganaram. Idan bazara ta tsananta famfo ya ɗauke, sai a koma ga ƴan ga-ruwa da rijiyoyi da tapkuna, ba mai tambayar inda aka cika jarka. In dai ruwan ya yi garau, shi ke nan. Alhali ƙwayar cutar da ke kawo amai da gudawa, irin wanda ya addabi jihar nan da ta Maradi a 2021, ido ba ya ganinta. Sai an auna.

Aikin awon a rabe yake. Ofishin ruwa na jiha shi ke da rijiyoyi da foraj-foraj. Ma'aikatan tsafta na ofishin lafiya, waɗanda tsofaffi ke kira duba-gari, su ke bin ruwan sha da abinci da masai. Ofishin muhalli, inda ma'aikatan gandun daji suke, shi ke sa ido kan tapkuna da itatuwa da abin da masana'antu ke zubarwa. Bola da lambatu kuwa na ma'aikatar magajin gari ne. Tushen aikin duka dokar muhalli ce mai lamba 98-56 ta 29 ga Disamba 1998.

A wajen ɗibar ruwan ne awo ya fi lalacewa. Kwalbar da za a ɗiba da ita sai wadda aka kashe wa ƙwayoyin cuta, ba a buɗe ta sai a bakin ruwa, yatsa kuma ba ya taɓa cikin murfi. In famfo ne, a goge bakinsa, a bar shi ya zuba minti biyu zuwa uku don ruwan da ya kwana cikin bututu ya fita. A rubuta wuri da rana da ƙarfe nawa, a sa cikin kula mai ƙanƙara, a kai ɗakin awo kafin awa shida. Kwalbar da ta wuni a bayan babur cikin zafin Afrilu, duk lambar da ta bayar ƙarya ce, don ƙwayoyin sun hayayyafa ko sun mutu a hanya.

A ɗakin awo ana tace mililita 100 ta wata siririyar takarda, a ɗora ta kan abincin ƙwayoyin cuta, a ajiye a zafin digiri 44 kamar awa 18. Kowane ɗigon da ya tsiro shaida ce kashin mutum ko na dabba ya shiga ruwan. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kada a samu ko ɗaya. In ɗigon ya haura 100, ba a shan ruwan sai an tafasa ko an sa magani, sannan a koma a duba rijiyar kanta: ko daɓen bakinta ya tsage, ko guga a ƙasa ake yar da shi, ko an gina masai kusa. Tazarar da ake so tsakanin masai da rijiya mita 30 ce a ƙalla, masan kuma ya kasance ta gangare.

Awon kulorin, maganin da ake sa wa ruwan famfo don kashe ƙwayoyin cuta, shi a take ake yin sa. A jefa ƙwayar awon kulorin mai suna DPD cikin ruwan famfo, ya koma ruwan hoda, a gwada launin da ma'auni. Ana son miligiram 0.2 zuwa 0.5 a lita. In launi bai fito ba, kulorin ya ƙare a hanya, sau da yawa saboda bututu ya fashe yana zuƙar ruwan lambatu a lokacin da famfo ya ɗauke. Shi ya sa ruwan farko bayan dogon ɗaukewa ya fi dacewa da wanki. A gida ma haka abin yake: ruwa mai laka yana cinye magani, sai an bar shi ya kwanta an tace tukuna, sannan a sa ƙwayar tsabtace ruwa ta Aquatabs bisa adadin litar da aka rubuta a jikin takardarta, a jira minti 30.

Akwai gubar da tafasawa ba ta yi mata komai, ƙara mata ƙarfi ma take yi, don ruwa ke tafiya cikin tururi ita ta zauna. Nitarat, ɗaya daga irin wannan guba, na fitowa daga masai da turken dabbobi da takin zamani, iyakarsa miligiram 50 a lita, kuma jarirai ya fi kamawa, ya hana jininsu ɗaukar iska har leɓe ya yi shuɗi. Fulor kuma, wata gubar, daga dutsen ƙasa yake, iyakarsa miligiram 1.5 a lita. Alamarsa ta farko haƙoran yara su yi dabbare-dabbare ja. A Tibirin Gobir ruwan foraj mai yawan fulor ya lanƙwasa ƙafafun ɗaruruwan yara kafin a gane. Don haka sabon foraj, ko na sadaka ne da wani bawan Allah ya haƙa a ƙofar masallaci, ba a buɗe wa jama'a shi sai an ga takardar awonsa.

Manyan ayyuka hanyarsu daban. Dokar 2018-28 ta 14 ga Mayu 2018 ta wajabta binciken illar aiki ga muhalli kafin a fara, hukumar ƙasa mai auna illar ayyuka ga muhalli, wato BNEE, ke duba rahoton, ministan muhalli ya ba da takardar amincewa. Wannan ya shafi hanya da madatsar ruwa da wurin fasa dutse, har masana'anta irin matatar mai ta SORAZ da aka buɗe a 2011 kan hanyar Tanut, mai ƙarfin tace ganga 20,000 a rana. Cikin rahoton akwai alkawuran mai aiki: inda zai zuba ruwan datti, yadda zai kashe ƙura, da sau nawa zai auna rijiyoyin maƙwabta. Dole ne kuma a tara mutanen wurin a ji ta bakinsu. Taron nan kada a bar wa mai gari shi kaɗai. Mata masu ɗibar ruwa da makiyaya su suka san rijiyar da ake sha, kuma abin da aka auna kafin aiki ya fara shi ne hujjar da za a kama gobe.

Gaskiya dai, gurɓatar da ta fi yawa daga hannunmu take. Dokar hana leda tana nan tun Nuwamba 2014, amma kowa na ganin yadda take toshe lambatu da cikin awaki. Ga babbakar kai da ƙafa da tsohuwar taya, ga baƙin mai da ake tuttulawa bayan gareji. Masu lambu a Mirya da Gidimuni da bakin korama, galan ɗin maganin ƙwari a ɗauraye shi sau uku, a zuba ɗaurayen cikin famfon feshi, a huda galan ɗin don kada wani ya zuba ruwan sha ko man gyaɗa a ciki. Wanke kayan feshi a tapki kan kashe kifi cikin dare ɗaya.

Ma'aikata ba su da yawa, jihar kuma faɗi gare ta, daga Magarya har Tasker, saboda haka labari daga wurinku yake fara zuwa. In kun ga kifi na mutuwa, ko ruwa ya canza launi ko wari, ko gidaje da yawa masu sha daga wuri ɗaya sun kama zawo, ku kai magana a ranar, don guba na tsarkewa cikin ruwa, bayan kwana uku awo ba lallai ya kama ta ba. Ku ɗauki hoto da waya, ku faɗi wuri da lokaci da yawan waɗanda abin ya shafa. Zawo a kai likita mafi kusa, batun tapki a kai ofishin muhalli. A rubuta takarda ta hannun mai unguwa, a sa mata hatimi, ku riƙe kwafi. Kada ku ɗebo ruwan cikin gorar lemo ku kawo, ɗakin awo ba zai yi aiki da shi ba. A rufe rijiyar, a nemi wani ruwan, a jira ma'aikaci ya zo da kwalbarsa.