Ba Mai Gida Dokar Ƙwan Fitila Ta Amurka Take Ci Tara Ba

Tun da aka fara aiwatar da dokar gadan-gadan a ranar 1 ga Agustan 2023 ake yaɗa cewa duk wanda aka samu da tsohon ƙwan fitila a gidansa a Amurka zai sha tara. Babu wannan a cikinta. Abin da aka hana shi ne ƙera da sayar da ƙwan da haskensa bai kai lumen 45 (ma'aunin haske) a kowane wat na wutar da ya sha ba. Tsohon ƙwai mai siririyar waya a ciki, wanda kan ƙona yatsa in an taɓa shi, kusan lumen 15 kawai yake bayarwa, sauran wutar duk zafi take zama. Na cikin firji da tanda da na rainon shuke-shuke ba su shiga ba.

Tarar ce ta fi tsorata mutane, domin a 2023 ta kai dala 542 a kan kowane ƙwai. Amma kamfanin da ya ƙera ko ya sayar ne ke ɗaukarta. Mai gida kuwa, ko kwali guda ya tara, ya yi ta kunnawa har su mutu, babu jami'in da zai buga masa ƙofa.

Masu cewa ƙirƙirar Biden ce ma sun so zuciyarsu. George W. Bush ne ya sa hannu a dokar a 2007, gwamnatin Trump ta taka wa matakin lumen 45 ɗin birki a 2019, Ma'aikatar Makamashi ta farfaɗo da shi a 2022.

Dalilin dokar yana cikin lissafin wutar ƙasar. Bayan gomman shekaru shan wuta na hauhawa, daga wajen 2007 ya tsaya cik a kusan kilowat-awa tiriliyan 4 a shekara har fiye da shekara goma, alhali jama'a na ƙaruwa. Sauya ƙwan fitila na cikin abubuwan da suka jawo haka. Yanzu kuma shan wutar ya sake tashi, cibiyoyin adana bayanai na kwamfuta suna zuƙar wuta ba ƙaƙƙautawa.

Nan ne abin ke ɗan yi mini ciwo. Ƙwan LED, wato sabon ƙwan da ke maye gurbin tsohon, ya fi daɗewa, ya kuma rage kuɗin wuta, amma ya fi tsada a wajen saye, mai ƙaramin ƙarfi ne kuma ya fara jin wannan a aljihunsa, ga manyan kamfanoni suna shanye abin da ya yi tsiminsa.