Ƙoshin saniya a ƙarshen ciki da sake ɗaukar ciki

Ƙoshin saniya a ƙarshen ciki yana nufin kuzarin da take samu daga abinci, haɗe da kitsen da ta tara, a watanni ukun ƙarshe kafin ta haihu. Masana kiwo suna sa shi cikin manyan abubuwan da ke nuna ko saniyar nama za ta sake karɓar barbara da wuri ko za ta daɗe.

Yadda yake aiki a jiki

Cikin saniya yakan kai kwana 283 a matsakaici, na shanu masu tozo ya ɗan haura haka. Saniyar da ake so ta riƙa haihuwa duk shekara tana da kwana 82 ke nan kacal ta murmure ta sake ɗauka. Kusan kashi biyu bisa uku na girman tayi yana zuwa ne a watanni ukun ƙarshe, lokacin da ya matse tumbi har cin uwar ya ragu. In abinci ya gaza, jiki ya koma cin kitsensa, ga shayarwa na tafe.

Jikin da ke cikin yunwa yakan fara da raya kansa, sannan nono, sai daga baya maganar sabon ciki. Ƙwaƙwalwa takan rage sakin wani sinadarin haihuwa mai suna GnRH, shi kuwa shi ke sa a saki wani sinadarin mai suna LH, wanda in babu isasshensa ƙwai ba ya nuna balle ya fito. Ramammiyar saniya kan yi watanni ba ta nemi bijimi ba. Karsana mai haihuwar fari ta fi shan wahala, don ita kanta ba ta gama girma ba.

Tarihin bincike

Aikin da aka fi ambata shi ne na Wiltbank da abokan aikinsa a Amurka, wanda ya fito a 1962 kan shanun Hereford. Sun raba shanu tsakanin masu samun abinci mai yawa da masu samun kaɗan, kafin haihuwa da bayanta. Waɗanda aka ƙuntata wa kafin haihuwa sun makara wajen neman bijimi. A wajajen shekarun 1970 zuwa 1980 aka daidaita ma'aunin ƙiba, inda ake duba haƙarƙari da gadon baya da gindin wutsiya. Amurka na amfani da maki 1 zuwa 9, ana son saniya ta haihu tana kan 5, karsana kuma 6. A Birtaniya 1 zuwa 5 ne.

A ƙasar Sakkwato

Gudali, wadda ake kira Bokolo, da Rahaji da Bunaji ba don nama kaɗai ake kiwon su ba, ana tatsar su, kuma hakan na ƙara wa uwa nauyi. Damina gajeriya ce, daga Yuni zuwa Satumba galibi. Saniyar da ta ɗauki ciki da damina ko farkon kaka, cikin nata zai tsufa ne da rani ko bazara, lokacin da ciyawa ta ƙare, abin da ya rage kuma ba shi da maiƙo. Shi ya sa haihuwa sau ɗaya a shekara biyu ba baƙon abu ba ce a garke. Makiyaya kan gangara fadamun Rima ko su yi kudu. Mai hali ya tanadi harawa da kowar wake da dusa da angurya, ko ya kaɗo 'ya'yan gawo, kuma masu tsohon ciki ya kamata su fara samu.

Saɓani

Wasu na rage wa saniya abinci don kada maraƙi ya yi girman da zai wahalar da haihuwa. Yawancin bincike bai goyi bayan haka ba. Ko ciyarwa bayan haihuwa na iya maye gurbin abin da aka rasa kafinta, ra'ayi ya rabu.